Ƙaramin kamfanin kula da tsofaffi a Ingila: inda inganci ke zubewa tun kafin sufeto ya zo

A Ingila, duk wanda zai riƙa tura ma'aikata gidajen mutane su yi musu wanka, su sa musu tufafi, su kai su bayan gida ko su ba su abinci a baki, sai ya yi rajista da hukumar da ke sa ido kan ayyukan lafiya da kula, Care Quality Commission, wadda kowa ke kira CQC. Hukumar ta fara aiki ranar 1 ga Afrilun 2009 ƙarƙashin dokar lafiya da kula da jama'a ta 2008, kuma sashe na 10 na dokar ya ce yin wannan aiki ba rajista laifi ne da kan iya kai mutum gidan yari har wata 12, ko tara, ko duka biyun. Shara da wanki da cefane ba sa ciki. Haka ma wanda tsoho ya ɗauka aiki da kansa, yake biyansa yake ba shi umarni, ba kamfani a tsakani. Amma ranar da kamfanin shara ya bar ma'aikaciyarsa ta taimaka wa dattijuwa shiga baho, ya tsallake iyaka, ko da tausayi ne ya sa. Ikon CQC a Ingila kaɗai ya tsaya. Sikotlan da Wales da Ireland ta Arewa kowace da tata hukumar.

Maganar ta shafe mu. Tun Fabrairun 2022 da Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga ma'aikatan kula, 'yan Najeriya da yawa sun shiga aikin, da Hausawa a cikinsu. An rufe ƙofar ga masu nema daga waje ranar 22 ga Yulin 2025, amma waɗanda suka riga suka shiga suna nan, wasunsu har sun fara tunanin buɗe nasu. Ƙaramin kamfani nake nufi: tsofaffi da masu naƙasa 15 zuwa 30, ma'aikata goma sha wani abu, ofis ɗaki ɗaya. Irin wannan yakan fi babba sanin mutanensa, ya san wadda ba ta son ruwa mai zafi da wanda ba ya cin abinci in ba a kunna masa rediyo ba. Rauninsa kuwa shi ne mutum ɗaya ne mai kamfani, shi ne manaja, shi ke tsara jadawali, shi ke fita ya cike gurbin wanda bai zo ba, kuma shi ne dai ya kamata ya zauna ya duba ko aikin ya yi kyau. Wannan zaman duba shi ake fara yarwa in aiki ya yi yawa, kuma kusan duk ɓarnar da zan ambata daga nan take tasowa.

Rajistar ba ta da wuyar fahimta, lokaci dai take ci. Kamfani zai gabatar da takardar bayanin manufa: wane aiki zai yi, wa zai yi wa, a wane yanki, daga wane ofis. Zai naɗa wanda zai tsaya a madadinsa gaban hukuma, ya kuma sami manaja da zai yi rajista da sunan kansa, wanda doka ke kamawa kai tsaye in an yi ɓarna. Manajan zai kawo takardar binciken laifuka ta hukumar DBS wadda CQC ta sa wa hannu, da cikakken tarihin aikinsa, sannan a yi masa tambayoyi. Ana sa ran yana da difloma ta mataki na 5 a shugabancin aikin kula da manya, ko yana kan hanyar samunta. Inshorar ma'aikata ta aƙalla fam miliyan 5 wajibi ce. Wasu sukan sayi damin takardun manufofi a intanet su liƙa sunan kamfani ba su karanta ba, sai a tarar takardar na maganar ɗakin girki da nas mai kwana alhali kamfanin gida-gida yake bi. Wanda ya fi wannan muni shi ne aron sunan mai takardu ya zama manaja, shi kuwa yana wani gari yana wani aikin. In manaja zai yi kwana 28 ko fiye ba ya bakin aiki, dole a sanar da hukuma a faɗi wanda ya riƙe. Gane manajan aro kuma ba ya wa sufeto wuya. Zai tambaya ne kawai: wa ya fi ba ku damuwa cikin mutanenku a makon nan, me kuma kuka yi a kai?

Ma'aunin da ake riƙe kamfani da shi yana cikin ƙa'idojin 2014, waɗanda suka hau kan kowa a Afrilun 2015, bayan rahoton Robert Francis na 2013 kan sakacin da aka yi a asibitin Stafford. Ta 19 a cikinsu ita ce ta ɗaukar ma'aikata, kuma ita ta fi sauƙin kama kamfani, domin takarda ko tana cikin fayil ko ba ta ciki. Ana son shaidar ko wane ne mutum tare da hotonsa na kwanan nan, da babban binciken DBS wanda ya haɗa da jerin waɗanda aka haramta wa aiki da manya masu rauni, da tarihin aiki tun daga farko tare da rubutaccen bayanin kowane giɓi, da shaidar halinsa daga duk inda ya taɓa aikin kula, da dalilin barinsa can. Ƙananan kamfanonin mutanenmu sukan ɗauki ma'aikata ta masallaci ko coci ko ƙungiyar 'yan gari, kuma ba laifi a wannan. Laifin yana shigowa ne lokacin da “ai na san shi, ɗan gidan wane ne” ya maye gurbin bincike. DBS ba ta ganin abin da mutum ya aikata a Kano ko Kumasi, don haka wanda bai daɗe da zuwa ba ana buƙatar takardar 'yan sandan ƙasarsa. Shaidar da ta zo daga adireshin imel na wani aboki, a ɗaga waya a kira ofishin da aka ce ya yi aiki, a rubuta ranar da aka kira da wanda aka samu.

Akwai kuma batun ɗaukar nauyin biza. Tun 11 ga Maris 2024, a Ingila kamfani mai rajistar CQC kaɗai ke iya ɗaukar nauyin ma'aikacin kula. Tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta soke lasisin ɗaukar nauyi sama da 470 a wannan fanni, kuma kowa a cikinmu ya ji labarin waɗanda aka sayar wa takarda da miliyoyin naira suka zo ba aiki. Zalunci ne, kuma cutarsa ba ta tsaya kan ma'aikaci ba. Wanda bashi ya yi wa katutu, zamansa a ƙasa kuma yana hannun mai kamfani, ba zai buɗe baki ya ce an ba tsohuwa magani sau biyu ba.

Horo na farko shi ne Care Certificate, wanda aka fito da shi a 2015 da darussa 15, aka ƙara na 16 a 2025, kuma yawanci ana son a kammala shi cikin mako 12. Tun 1 ga Yulin 2022 doka ta wajabta horo kan naƙasar koyo da otizim (larurar da ke shafar mu'amala da mutane), wanda aka sa wa sunan Oliver McGowan, matashin da ya rasu a 2016. Sai dai darasin kwamfuta 20 da aka danna aka gama a yini ɗaya ba ya nuna mutum ya iya juya majiyyaci a gado. Sabon ma'aikaci ya bi tsohon hannu na wasu kwanaki, sannan wani ya tsaya ya kalle shi yana ba da magani, yana amfani da na'urar ɗaga mutum, ya sa hannu cewa ya gani da idonsa.

Yawancin matsala daga jadawalin ziyara take farawa, kuma lissafi ne tsagwaronsa. A ce an ba ma'aikaciya gida 4 da safe, kowanne minti 45, an rubuta mata daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 10. Awa 3 ke nan cif, ba a bar wa hanya ko minti ɗaya ba. In tsakanin gida da gida minti 10 ne, tafiya 3 minti 30 ce, kuma dole ta fito daga wani wuri: ko ta yanke kusan minti 8 a kowane gida, ko ta isa gidan ƙarshe rabin awa a makare. Mintuna 8 ɗin nan su ne na goge baki, da shafa mai a diddige, da tsayawa a ga tsoho ya shanye shayinsa. In bas take hawa, minti 10 yakan koma 25, kuma sababbin zuwa da yawa bas suke hawa, tunda lasisin tuƙi na Najeriya wata 12 kawai yake aiki bayan mutum ya zauna a ƙasar. Jagorar 2015 ta NICE, hukumar da ke fitar da jagororin aikin lafiya da kula, ta ce kada ziyara ta gaza minti 30, sai in mutumin ya san ma'aikacin, ziyarar na cikin wani tsari mafi faɗi, aikin kuma ɗan taƙaitacce ne. Lokacin tafiya tsakanin gidaje lokacin aiki ne a dokar mafi ƙarancin albashi. Wanda ake biya fam 13 a kowace awar da ya yi cikin gida, ya yi awa 6 a gidaje da awa 1 a hanya, fam 78 ya samu a awa 7, wato fam 11.14 a awa, ƙasa da fam 12.21 da doka ta ƙayyade a Afrilun 2025. Ma'aikacin da ake yi wa haka ba ya daɗewa, tsohuwa kuma ta riƙa ganin sabuwar fuska a banɗakinta kowane mako.

Lattin nan kai tsaye yake shiga cikin magani, kuma a nan nake son mai karatu ya dakata. Farasitamol ba a wuce giram 4 a awa 24, kuma dole a bar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Mai ƙaramin jiki, ƙasa da kilo 50, yakan buƙaci a rage masa. In ziyarar safe ta makara zuwa 9:40, ta rana kuma ta zo 12:30, tazarar ba ta kai awa 3 ba. Takardar rubuta magani, wadda ake kira MAR, in “safe” da “rana” kawai aka rubuta a kanta ba ainihin lokaci, ma'aikaciya ta biyu ba ta da yadda za ta sani. Mai cutar Parkinson da aka makarar masa da ƙwayarsa jikinsa yakan sandare ya kasa tashi ko haɗiya. Mai ciwon sukari da nas ta yi wa allurar insulin, karin kumallonsa ba ya jira. Irin waɗannan mutanen su ake fara kafawa a jadawali, sannan a jera sauran a gefensu.

Gurbi a takardar MAR, wato akwatin da ba a sa hannu ba, ba ya faɗin komai da kansa. Ko an ba da maganin an manta sa hannu, ko ba a ba da shi ba, ko mutumin ya ƙi sha. In sai ƙarshen wata ake kwaso takardun a kai ofis, gurbin ranar 3 ga wata sai bayan mako huɗu za a gan shi, lokacin da ba wanda ke tuna komai. Shi ya sa ma'aikacin da ya zo ziyara ta gaba ya kamata ya duba layin da ya gabata, in ya ga gurbi ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage ya kira ofis nan take. Maganin da ake sha sai in buƙata ta taso yana son takardarsa daban: don me ake ba da shi, nawa, tazara nawa, iyakarsa a yini, da alamar da za a gani a jikin wanda ba ya iya cewa yana jin ciwo, kamar ɗaure fuska ko ƙin a taɓa shi. Filastar maganin ciwo tana da nata haɗarin. Ta fentanil ana canza ta duk awa 72, wasu na bufrenofin duk kwana 7. Ana zana wurin da aka liƙa a hoton jiki, a cire tsohuwar kafin a sa sabuwa, a sauya wuri. Filasta biyu a jiki ɗaya, ko jakar ruwan zafi a kan filasta, na iya danne numfashi. Maganin firiji tsakanin digiri 2 da 8 yake zama, ɗigon ido kuma yawanci kwana 28 bayan buɗewa ake zubar da shi, don haka a rubuta ranar buɗewa a jikin kwalba. In asibiti ya sallamo mutum da sabon magani, kada a dogara da “likita ya ce” daga bakin ɗansa; a ga takardar sallama, a gyara MAR, mutum na biyu ya duba abin da aka rubuta da hannu.

Niƙa ƙwaya a zuba a abinci ba da sanin mai sha ba abu ne da iyali kan roƙa da kyakkyawar niyya. Ma'aikaci ba shi da ikon yin sa. Sai an auna an tabbatar mutumin ba ya iya yanke shawara a kan maganin, an zauna da likita da masanin magunguna da iyali an rubuta cewa maslaharsa ke nan. Wasu ƙwayoyin an yi su ne su narke a hankali cikin awa 12 ko 24, niƙa su na sakin ƙarfinsu gaba ɗaya lokaci guda.

Bayan magani sai haɗiya. Wanda shanyewar ɓarin jiki ko cutar mantuwa ta taɓa wa maƙogwaro, ƙwararriyar magana da haɗiya ce ke sa masa mataki a ma'aunin kaurin abin sha da laushin abinci da ake kira IDDSI: abin sha daga 0 zuwa 4, abinci daga 3 zuwa 7. A mataki na 6, loma ba ta wuce santimita 1.5 kowane gefe. Lambar matakin da yawan cokalin garin kauri a yawan ruwa su kasance a rubuce inda ake haɗa abin sha, gwangwanin garin kuma a ajiye shi inda mai cutar mantuwa ba zai kai ba, domin cin sa busasshe ya taɓa kashe mutum. A gidajenmu 'ya'ya kan kawo wa iyaye tuwo da sakwara da nama, kunu kuma kaurinsa na yau daban da na jiya. Kada a hana tsoho abincin da ya saba. A kai wa ƙwararriyar sunayen abincin da yadda ake yin su, ta faɗi wanda zai yiwu da yadda za a sassauta shi.

Sauran haɗurran sanannu ne. Na'urar ɗaga mutum da ƙyallenta ana yi musu cikakken bincike duk wata 6, kuma in tsari ya ce mutum biyu za su ɗaga, ɗaya ba ya yi shi kaɗai don abokinsa ya makara. Ruwan baho kada ya wuce digiri 44. Man shafawa na busasshiyar fata yana jiƙa tufafi da zanen gado ya sa su saurin kama wuta, abin lura ga mai shan taba ko mai zama kusa da hita. Jan tabo a ɗuwawu ko diddige wanda ba ya yin fari in an danna shi, farkon gyambon kwanciya ne, a kira nas ranar. A baƙar fata ba ja ake gani ba, wurin yakan yi duhu ko shuɗi-shuɗi, ya yi zafi ko tauri, kuma an sha rasa shi saboda hotunan horo na farar fata ne. Wanda aka tarar a ƙasa ba a ɗaga shi da hannu, in kuma ya bugi kai yana shan maganin tsinka jini, lambar gaggawa 999 ake kira ko da ya ce lafiyarsa lau. Ƙofar da aka ƙwanƙwasa ba amsa, ma'aikaci ba ya tafiya sai an san inda mutumin yake.

Dokar ikon yanke shawara ta 2005 ita ce inda tarbiyyarmu da dokar Ingila suka fi cin karo. A wajenmu babban ɗa in ya yi magana an gama. A dokar, ana ɗaukar kowane baligi yana da ikon yanke wa kansa shawara har sai an nuna akasin haka, kuma shawarar da wasu ke gani wauta ce ba ta isa hujja ba. Ana aunawa ne a kan shawara guda a lokaci guda: ya fahimci bayanin, ya riƙe shi, ya auna shi, ya iya faɗin abin da ya zaɓa? Ɗa ko mata ba sa sa hannu a madadinsa sai in suna da takardar wakilci ta lafiya da walwala mai rajista, ko kotu ta naɗa su, kuma kamfani ya ga takardar ya ajiye kwafi. Fayil da aka rubuta “ɗansa ya amince” ba komai a bayansa, saɓa ƙa'ida ta 11 ne, ta neman yarda. Ta ɗaya gefen kuma, ƙa'ida ta 9 da ta 10 suna ba tsohonmu haƙƙin da ya kamata a nema masa: mace ta yi wa mace wanka, abincin halal, lokacin salla, taimako wajen alwala da goge ruwan da ya zuba don kada a zame, ko ajiye abin taimama kusa da gado. Mai son yin azumi a tsara da likitansa tun kafin watan ya kama, domin ma'aikaci ba ya matsar da lokacin magani da kansa. Kamfanin da ba shi da ma'aikacin jinsin da aka nema ya faɗa tun kafin ya karɓi aikin. Ma'aikacinmu kuma ya tambayi Baturiya sunan da take so a kira ta da shi. “Mama” girmamawa ce a bakinmu, amma ba kowace ke jin ta haka ba.

In abu ya faru, hanyoyi uku ne, kuma bin ɗaya ba ya ɗauke sauran. Zargin cin zarafi ko sakaci ko satar kuɗi ana kai shi sashen kare manya na ƙaramar hukuma, wadda sashe na 42 na dokar kula ta 2014 ya ɗora wa bincike. CQC ana sanar da ita ba da jinkiri ba: mummunan rauni, gyambon kwanciya daga mataki na 3, duk zargin cin zarafi ko da ba a tabbatar ba, abin da ya kai ga 'yan sanda, da mutuwar da ta auku ana cikin aiki ko ake jin aikin ya jawo. Sai ƙa'ida ta 20: a gaya wa mutumin ko wakilinsa gaskiyar abin da ya faru baki da baki, a ba shi haƙuri, a biyo da wasiƙa. Ba da haƙuri ba amsa laifi ba ne a shari'a. Ƙananan kamfanoni kan ɓoye don tsoron ɓacin suna, alhali sufeto yana zuwa da bayanan ƙaramar hukuma a hannunsa ya gwada da abin da aka aiko masa. Ma'aikacin da ya kawo rahoton kuskurensa aka zage shi gaban jama'a, daga ranar manaja ya daina jin komai daga bakin kowa.

Duk wannan yana komawa ga ƙa'ida ta 17, ta kyakkyawan shugabanci, wadda a ganina ita ce ainihin jarrabawar ƙaramin kamfani. Abin da take nema shi ne kamfani ya riga kowa ganin matsalarsa, ya gyara, ya kuma iya nuna ya gyara. A aikace: kowace safiya wani ya duba ziyarar jiya, wadda aka makara, wadda aka yanke, wadda ba a je ba sam. Kowane mako a karanta rubutun ma'aikata na wasu gidaje, karatu na gaske, domin “ta ci kaɗan” sau biyar a jere labari ne da ya kamata ya kai ga awon nauyi da kiran likita. Kowane wata a jera faɗuwa da kurakuran magani da koke-koke a takarda ɗaya a nemi abin da ke maimaituwa: gida ɗaya ne, ma'aikaci ɗaya ne, ko daren Lahadi ne kullum? A riƙa kai ziyarar ba-zata, a kuma kira tsofaffin da iyalansu a ji ta bakinsu. Kowane gyara a rubuta wanda zai yi da ranar gamawa, wata mai zuwa a koma a gani ko ya yi aiki. Takardar bita da ke nuna kashi 100 wata bayan wata, ga kuma gurabe a MAR, ta fi rashin bita illa, don ta nuna ana sa hannu ba a dubawa. Mai awo ba ya zama alƙalin mudunsa. In manaja ne ya ba da maganin da kansa, wani ya duba takardar. Ƙananan kamfanoni biyu na iya musayar manajoji su duba wa juna aiki duk wata 3, da kiyaye sirrin mutane. Mai kamfani kuma ya san iyakarsa: karɓar sababbin mutane 6 a mako ɗaya ba ƙarin ma'aikata yana rusa wa 20 ɗin da ake da su jadawali.

Sufeto tambaya 5 yake zuwa da su: akwai aminci, aikin na amfani, akwai tausayi, ana biyan buƙatar kowa yadda take, shugabanci na da kyau? Matsayi 4 ne, daga wanda ya yi fice, zuwa mai kyau, zuwa mai buƙatar gyara, zuwa wanda ya gaza. A tsarin da aka shigo da shi daga Nuwambar 2023, an kasa tambayoyin zuwa bayanai 34, ana ba kowanne maki 1 zuwa 4, kuma kashi 63 cikin 100 na makin ne farkon mai kyau, 88 farkon fice. Tsarin ya sha suka. Binciken Dakta Penny Dash na 2024 ya gano kusan wuri 1 cikin 5 da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba shi matsayi ba, wasu kuma an yi shekaru ba a koma ba, hukumar kuma ta shiga gyaran tsarin. Ƙa'idojin 2014 dai suna nan, su ya kamata a gina aiki a kansu. Iyali ma su duba ranar rahoto kafin su dogara da matsayi: asibitin Whorlton Hall yana riƙe da matsayin mai kyau lokacin da BBC ta tona cin zarafin da ake yi a cikinsa a 2019. Kamfanin gida-gida sau da yawa sanarwar kwana ɗaya ko biyu yake samu, sufeto ya karanta fayiloli, ya kira tsofaffi da iyalai da ma'aikata a waya, ya ɗauki mutum ɗaya ya bi labarinsa daga tsarin kula zuwa rubutun yau da kullum zuwa MAR ya ga ko bakinsu ɗaya. Koken mutum guda kuwa CQC ba ta warware shi. Bayan kamfani, ofishin sauraron koke-koke na Local Government and Social Care Ombudsman ake kai wa, ko ƙaramar hukuma ke biya ko mutum da aljihunsa.

Daftarin rahoto in ya iso, kwanakin aiki 10 ake da su a nuna kuskuren gaskiya, da hujjar da ta wanzu tun ranar duba. Takardar da aka rubuta daga baya ba ta canza abin da aka gani. Bayan an wallafa, cikin kwana 21 dole matsayin ya bayyana a ofis da shafin kamfani na intanet. In an sami saɓa ƙa'ida, abin yakan fara da neman tsarin gyara, ya hau zuwa takardar gargaɗi mai wa'adi, zuwa sharaɗi kamar hana karɓar sababbin mutane, zuwa dakatarwa ko soke rajista, kuma saɓa ta 12 (aminci) ko ta 13 (kariya daga cin zarafi) ko ta 14 (ci da sha) da ya jawo cutar da za a iya kauce wa na iya kaiwa kotu. Ƙananan hukumomi kan daina turo aiki ga wanda ya gaza, kamfani mai mutum 20 kuwa ba ya jure wannan na dogon lokaci. Wanda ya ga rufewa na tafe ya sanar da ƙaramar hukuma da CQC da wuri. Sashe na 48 na dokar kula ta 2014 ya ɗora wa ƙaramar hukuma ta riƙe mutanen na ɗan lokaci in kamfani ya durƙushe, amma sai ta san su. A miƙa mata sunayen bisa tsananin buƙata, waɗanda ke zaune su kaɗai da masu maganin da ba ya jira a sama, tare da tsarin kula na kowa, da takardar MAR ta watan, da matakin haɗiya, da lambar akwatin makullin ƙofa, da ranar da za a canza filasta ta gaba.